Alwala da Ruwa Mai Kama Wuta

Hayyin Ashir, Alƙahira
Watan Muharram

Husaina,

Wa ya gaya muku ni mufti ne? Ke nake tambaya, ke da kika riƙe biron. Sau nawa zan faɗa cewa ni ba ɗalibin jami'a ba ne? Ɗinkin littafi nake yi a wani ɗan shago a Darrasa, bayan babban masallaci. Gam, zare, allura. Malamai su kawo littafin da ya ɓalle, in ɗinke, in karance shi kafin mai shi ya dawo. Iyakar karatuna ke nan. Amma ku da kun ji an ce Masar sai ku hango ni da rawani.

To, assalamu alaikum. Gaisuwar ta makara, ke kika ja, taubashiya. Yaya Kawu Ɗanmalam da ciwon gwiwarsa? Yaya Inna Sabuwa? Yaya dajin Kamaru, yaya bandar kifi? Har yanzu kina ƙona rabi ki ce itacen ne? Ni lafiya lau, sai zafin garin nan da ke narkar min da gam kafin in shafa.

Hoton wasiƙarki ya iso. Ga abin da na fahimta, ki gyara min in na kauce. Tun da aka tare kogin aka yi dam ɗin lantarki, masuntanmu suka bar Yauri suka kafa Tungar Kurmi a bakin tafkin, Kawu ke musu limanci. Ruwan tafkin yana wari, yana ɓulɓulo da kumfa, rannan har ya kama wuta. Sai wani matashi, Zainulabideen, ya dawo daga karatu ya ce ruwan ba ya tsarkakewa, alwalar Kawu ba ta yi ba, sallar duk wanda ya bi shi ba ta yi ba, a sauke shi. Shi kuma Kawu yana son fatawa a rubuce daga Masar, da hatimi.

Na rantse ba inda za ni. Washegari na je.

Akwai wani tsohon malami ɗan kudancin Masar, Bamalike irinmu, da ke karantarwa a kusurwar masallacin. Rabin littattafansa ni na ɗinke. Na zayyana masa komai. Ya ce, "Ya ibni, me ya canza ruwan?"

Na ce, "Wari yake yi."

Ya ce, "Ban tambaye ka me yake yi ba. Me ya sa shi? In najasa ce ta faɗa ciki, hukunci daban. In daga makwancinsa ne, hukunci daban."

Na ce, "Ya Maulana, wuta fa yake kamawa!"

Husaina, tsohon nan ya yi dariya har hularsa ta zame. Wai tun yana yaro yake shan Nilu bai taɓa ganin ya kunna ba, ko dai kawuna mai son labari ne? Na miƙe zan yi magana, ya ɗaga min hannu. "Ba na fatawa a kan abin da ban sani ba. Yalla, je ka sano, ka dawo."

Kin ga abin da kuka jawo min. Yanzu ki ba ni amsa ɗaya bayan ɗaya. Me ke ƙarƙashin ruwan? A ina kumfar ta fi yawa? Wa ya ga wutar da idonsa? Kada ki ƙara gishiri, na san ki.

Taubashinki,
Harun

*

Tungar Kurmi
Ƙarshen Muharram

Shehun Gam,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwar Baba da sauƙi. Inna ta ce a gaya maka ka riƙa cin abinci, a hoton da ka turo wuyanka kamar na zalɓe. Kada ka ga jinkiri, ba mu da sabis sai ranar kasuwa in mun haura gari, shi ma sai an ɗaga waya sama ana addu'a.

Me ke ƙarƙashin ruwan? Daji. Dajin gaba ɗaya, a tsaye. Ba su sare ba, rufe ƙofar dam ɗin kawai suka yi ruwa ya hau. Har yau manyan itatuwa na leƙowa, farare ƙal ba ganye, muna ɗaure jirage a jikinsu. Kifi kam akwai, shi ya kawo mu. Amma in ka soka gora a ƙasa sai kumfa ta taso fuuu, kamar an buɗe lemon kwalba. In aka yi iska mai ƙarfi ruwan ƙasa ya juyo sama, sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika tunga, wani lokaci a tashi a ga kifi ya mutu ya yi fari a gaɓa. A bayan dam, inda ruwa ke fitowa daga injinan, warin ya fi ko'ina.

Wutar kuwa ina cikin jirgin. Bayan sallar asuba ne, Baba ya soka gora tsakanin itatuwan nan, ni ina hura kurfoti zan dafa shayi. Wani garwashi ya yi tsalle. Wuta shuɗiya ta gudu a kan ruwa, ta mutu. Baba ya ce innalillahi, ni na zubar da shayin. Masu jirgi biyu sun gani, kafin hantsi labari ya zama wai ruwa ya ci wuta har rassan sama.

Ka zo ka ga abin dariya. Tafki iya ganinka, ga mutane a bakinsa suna buga hannu a ƙasa suna taimama. Masu hali sun tara ruwan sama a durom, har da kulle shi da kwaɗo. Wasu na cewa aljanun dajin ne aka nutsar ba a sallame su ba. Masallaci ya rabu biyu, ana idar da sallar Baba sai Zainulabideen ya tayar da tasa. Abin da bai rabu ba sai kalandar kamfanin dam da ke bango, mai hoton koren ganye.

Zainulabideen ba mugu ba ne, kada ka fara. Tsoron Allah ne ya yi masa yawa, kuma bai iya magana a hankali ba. Ka san wani mai irin halin.

Amma Harun, Baba ba ya dariya. Dattawa sun ce za su zauna bayan Maulidi su yanke. Ba kujerar ce ta dame shi ba. Jiya na ji yana ce wa Inna, in gaskiyar yaron nan ce, me zai gaya wa waɗanda suka bi shi salla shekara da shekaru har suka rasu? Ka yi sauri.

Husaina

*

Hayyin Ashir
Watan Safar

Husaina,

Assalamu alaikum. Ina gaida Kawu da Inna. Lafiyata ƙalau, sai dai ba ni da gira. Ki yi dariyarki ki gama, sannan ki karanta.

Abokin ɗakina Munzir Bahaushen Sudan ne, kakanninsa hanyar Makka ta ajiye su can, yaƙi ya koro su nan. Yayarsa Sulafa malamar kimiyya ce a da, yanzu tana aiki a wani kantin magani a Dokki. Na karanta musu wasiƙarki muna cin ful, dafaffen waken nan nasu. Ko cokali ba ta ajiye ba ta ce, "Ya zol, ai daji ne ke ruɓewa."

Ga bayaninta, na kuma bi shi a littattafan da na tono a kasuwar tsofaffin littattafai har idona ya yi ja. Ganye da saiwa da ƙasar kurmi, in ruwa ya danne su inda iska ba ta kaiwa, ba sa ruɓewa irin na juji. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani ne ke cin su, su fitar da gas mai suna metan. Ɗan uwan gas ɗin girki ne, shi ya sa ya kama. Shi kansa ba ya wari, warin ƙwan na wata iska ce da ke biyo shi. Ruwa mai ɗumi yana ƙara musu kuzari, ga shi kurmi ba ya sanyi. Dam ɗin Masarawa a hamada yake, dutse da yashi ya fi shanyewa, shi ya sa Shehu, tsohon malamin nan, bai taɓa ganin irin naku ba.

Abin da ya hana ni zama shi ne wannan. Metan ɗin nan in ya hau sama yana riƙe zafin rana fiye da hayaƙin mota nesa ba kusa ba. Masu bincike sun auna wasu damadaman da aka yi a kurmi, masu faɗin tafki da ƙarancin lantarki, suka tarar a shekarun farko abin da suke turawa sama ya kai na tashar da ke ƙona mai, wani ma ya wuce. Ba kowane dam ba, Sulafa ta ja min kunne a kan wannan, ta ce bakina na gudu ya bar hujja a baya. Amma irin naku, daji a tsaye, ruwa mai ɗumi? Kuma su rataya muku koren ganye a masallaci!

Na ce mata Shehu ba zai karɓi "an ce" ba. Ta ce to ka yi naka tafkin mana.

Na samo jarka. Na cusa ganyen mangwaro, ɓawon ayaba, karan molohiya (lalonsu ke nan), da taɓon da na kwaso a bakin Nilu ina ta kallon hagu da dama kamar ɓarawo. Na cika da ruwa, na toshe, na ɗaura balan-balan a baki, na kai saman bene inda maƙwabta ke kiwon tattabaru. Kullum in na dawo aiki sai in hau in gaishe ta. Munzir ya raɗa mata suna Amarya.

Da balan-balan ta fara kumbura na kira kowa, na ƙyasta ashana, na saki iskar. Ashana ta mutu. Husaina, ban taɓa jin kunya irin wannan ba. Mai gadin gini ya tafa min. Sulafa ta ce ma'alish, iskar farkon irin wadda muke fitarwa ce in mun yi numfashi, ba ta kama wuta, ita ma tafkinku na fitar da ita, ita ma tana ɗumama duniya, in ƙara haƙuri. Haƙuri! Ni!

Na ƙara. Wari ya sauko har hawa na uku. Matar mai gida ta ce ko ni ko Amarya. Rannan da la'asar na ce bari in yi gwajin ƙarshe kafin in zubar. Ban kira kowa ba, Munzir ne kawai yana ɗaukar bidiyo da wayarsa. Na sunkuya sosai don kada iska ta kashe ashanar.

Ba ta kashe ba.

Tattabaru sun tashi gaba ɗaya. Munzir ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki. Ni kuwa ina ta tsalle ina ihu da Hausa, "Ya kama! Ya kama!" ina jin ƙaurin gashina. Ganye ne, Husaina! Ganye da ruwa da taɓo. Ba aljani, ba najasa. Ban taɓa farin ciki irin na ranar ba, wallahi ko da za a ba ni jami'ar da kujerunta.

Shehu ya tafi garinsu, yana dawowa zan kai masa bidiyon. Kafin nan ki ce Kawu ya nemi tiyub ɗin tayar mota, da babbar roba, da ɗan tiyo. Zan yi bayani.

Harun marar gira

*

Tungar Kurmi
Safar

Marar gira,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya. Inna ta kalli bidiyon ta yi dariya har ta ƙware, ta ce dama girar ba ta yi maka komai ba. Baba ya kalla, ya ce a sake kunna masa.

Ga labari. Ranar Juma'ar nan Baba bai hau mumbari ba. Zainulabideen ne ya yi huɗuba ya ja salla, masallaci ya cika har waje. Baba kuwa tun da safe ya kunce jirginsa ya

*

Zuwa ga jama'ar Tungar Kurmi, ta zauren watsaf na tunga
Daga Harun, ɗan ƙanwar Liman Ɗanmalam, Alƙahira

Assalamu alaikum, ga wanda ya cancanta.

Kun kyauta. Dattijon da ya raɗa wa 'ya'yanku suna, ya wanke gawarwakinku, ya ɗaura muku aure, kun kore shi ranar Juma'a ya shiga jirgi shi kaɗai. Ku da kuka ce sai bayan Maulidi! Ko kalandar koren ganyen ce ta ruɗe ku?

Kai kuma Zainulabideen, ɓarawon mumbari, gemunka bai gama haɗewa ba ka fara soke sallar matattu. Babin ruwa shi ne shafin farko na kowane littafin fiƙihu, ni da nake ɗinke su na sani, nan ne ya fi datti don nan kowa ke tsayawa. Kai ko nan ɗin ba ka ƙarasa ba. Ka ga kumfa ka tsorata, ka sa masunta taimama a bakin tafki. Kifayen ma dariya suke muku.

Ku mayar da limaminku.

*

Tungar Kurmi
Farkon Rabi'ul Awwal

Harun,

Salam. Lafiyarmu lau, ban da abin da ka yi.

Wasiƙata shafi biyu ce. Na farkon ne kawai ya tafi, sabis ya ɗauke, mota ta cika muka juyo. Kai ba ka ga maganar ta tsaya a tsakiya ba? Mai karatu! Ga sauran: Baba ya kunce jirginsa ya kai Ummi matar maƙwabcinmu asibiti, naƙuda ta zo mata da gardama, jirginsa ne kaɗai mai inji a kusa. Shi da kansa ya je ƙofar Zainulabideen ya ce, "Malam, ka ja wa mutane salla." Ummi ta haifi mace, lafiya lau. Baba ya yi Juma'arsa a gari, ya sayo tiyub ɗinka a wajen mai faci.

Kuma a huɗubar nan Zainulabideen cewa ya yi kowa ya kama bakinsa, a jira amsar Masar, in ta nuna shi ya yi kuskure zai fi kowa murna. Na ji da kunnena daga sahun mata. Abu ya fara laushi. Sai ranar kasuwa wayoyi suka kama sabis, saƙonka ya sauko wa kowa lokaci ɗaya, til til til, a cikin mota. Wani ya karanta da ƙarfi. Zainulabideen na kujerar gaba.

Yanzu ya ce amsar da za ta biyo ta irin wannan bakin ba zai karɓa ba. Dattawa biyu da ke bayan Baba sun ja baya, wai shi ya sa ɗansa zagi. Yara na bin Zainulabideen suna cewa gemu bai haɗe ba. Baba ya je ya ba shi haƙuri a gaban mutane, da gwiwarsa da komai ya durƙusa.

Ya ce kada in gaya maka wannan. Na gaya maka.

Husaina

*

Darrasa
Rabi'ul Awwal

Husaina,

Assalamu alaikum. Barka da samun ƙaruwa, a gaida Ummi. Kawu kuwa ban san da wane baki zan gaishe shi ba. Ki ce masa na ji, ki ce masa maganar gwiwar nan ta hana ni cin abinci.

Shehu ya dawo. Na nuna masa bidiyon, ya kalla, ya kalli goshina, ya ce "Tamam, yanzu ka zama ɗalibi." Na karanta masa bayaninki na dajin da ke tsaye. Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Da itatuwan da komai?" Na ce da komai. Ya daɗe yana jan carbi.

Sannan ya rubuta da hannunsa. Ruwan da ya canza saboda abin da ke makwancinsa, ko daɗewar zama, ko tsiron da ba a iya raba shi da shi, yana nan da tsarkinsa, alwala da shi ta inganta, sallolin baya suna nan daram. Ya ƙara cewa tsarki daban, lafiyar ciki daban, ku riƙa shan ruwan sama ko ku tafasa. A ƙarshe ya sa sharaɗi: in dai yadda aka siffanta ne.

Na gaya masa abin da na rubuta wa tunga. Ya ce in karanta masa. Da na kai wajen gemu ya ɗauki littafin da na ɗinke masa da hannuna ya buga min a ka. Mai bangon fata ne, na yi aikin da kyau.

Sharaɗin nan shi ne mafita. Ba sai an yarda da bakina ba. Ku huda gindin robar, ku sa tiyo, ku haɗa da tiyub ɗin bayan kun matse iskarsa. Ku kifa robar a ruwa can tsakiyar itatuwa, nesa da duk inda mutum ke zagawa, ku soka gora a ƙarƙashinta. Zainulabideen ya zaɓi wurin da kansa, ya ƙyasta ashanar da kansa. A fili, ba cikin ɗaki ba. Kuma kada ya sunkuya. Ki maimaita masa wannan.

Shehu ba shi da hatimi, sa hannu ya yi. Na yi wa takardar bango ja da ruwan zinariya, littafi mai shafi ɗaya, irinsa na farko a Darrasa. Furen da ke tsakiya adon shagonmu ne, kada Kawu ya ce wa kowa hatimi ne. Ga hotonsa, shi kansa zai biyo wani ɗalibi mai komawa gida.

Wannan kuma ki sa a zauren da na yi ɓarnar:

Malam Zainulabideen, na zage ka a gaban jama'a a kan rabin wasiƙa. Ban kyauta ba, ka yafe min. Tambayarka ta gaskiya ce, malamin ma ita ya fara yi min. Ga hotona ba gira, ka ba yaran su sami abin yi.

Harun

*

Tungar Kurmi
Bayan Maulidi

Shehun Gam,

Wa'alaikumus salam! Kowa lafiya, kowa na gaishe ka, har waɗanda suka rantse ba za su ƙara ambaton sunanka ba. An raɗa wa jaririyar suna Khairat.

Hotonka ya yi aiki, yara sun koma kanka. Zainulabideen ya karanta fatawar ya ce sharaɗin ya yi masa. Ranar zaman dattawa, maimakon a zauna sai aka shiga jirage. Tunga kaf ta bi, har masu tsoron aljanu, su suna can baya suna karatu. Ya kai mu wani lungu da ko masunta ba sa zuwa. Baba na soka gora, shi yana danne robar da hannu biyu, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Tiyub ya riƙa tashi a hankali har ya yi tim.

Aka kawo shi filin gaban masallaci. Wani makaniki ya sa guntun ƙarfe a bakin tiyon. Na gaya wa Zainulabideen saƙonka, na maimaita. Ya ce ya ji. Iska na kaɗawa, ashana ta mutu, ta sake mutuwa.

Harun, ya sunkuya.

Girar hagu ce ta tafi, da ɗan gefen gemun. Sai ya shafa goshinsa, ya kalli hannunsa, ya ce, "A gaya wa ɗan Masar mun zama 'yan uwa." Ka ji ihu! Inna ta rangaɗa guɗa a ƙofar masallaci, ba wanda ya hana ta. Baba ya ɗora buta a kan harshen wutar, ya dafa shayi kofi ɗaya tak kafin tiyub ya sace, ya miƙa masa.

Da aka kira la'asar Zainulabideen ya ɗauki buta ya gangara bakin tafki, ya yi alwala a gaban kowa, ya dawo ya tayar da iƙama. Baba ya shiga gaba. Sahu ɗaya, har waje.

Yanzu sabuwar rigima. Jami'in kamfanin dam zai zo ranar Juma'a da sabuwar kalanda, an ce za su tare wani reshen kogin a sama, dajin can ma ruwa zai hau. Zainulabideen ya ce ka rubuto abin da za a tambaye shi, shi zai karanta bayan salla. Baba ya ce ya yarda, amma ni zan fara tacewa.

Husaina

*

Hayyin Ashir
Rabi'ul Awwal

Husaina,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi! Na karanta a cikin mikrobas, na yi kabbara, direba ya taka birki. Munzir ya sayo kunafa, alkakin nan nasu, Sulafa ta ce a gaida Zainulabideen, ɗalibinta na biyu. Shehu ya ce Kawu ya sa shi a addu'a. Amarya kuwa an zubar da ita, Allah ya ji ƙan ganye. Girata ta fara tsirowa, ki ce wa ɗan uwana ya riƙa shafa man zaitun.

Ga saƙon. Ba zagi ko ɗaya, na ba Sulafa ta duba, ta cire uku.

Ranka ya daɗe jami'in kamfani, sannu da zuwa. Muna son lantarki, ba mu ce a rushe komai ba, kifin tafkin nan muke ci. Amma wata da watanni an tsayar da dattijon nan a gaban jama'a ana tuhumar alwalarsa a kan kumfar da ba shi ya haifar ba. Ya tsaya, ya amsa, ruwa ya wanke shi. Yanzu wurin da ya tsaya babu kowa. Bismillah, matso.

Kun san dajin zai ruɓe ya yi gas kafin ku rufe ƙofar, ko ba ku sani ba? In kun sani, me ya sa ba a gaya wa masu zama a bakin ruwan ba? Kun taɓa auna abin da ke tashi daga tafkin nan da bakin injinanku zuwa sama? In kun auna, nawa ne, kuma wa ya zana koren ganyen? Dajin sama da za ku tare, shi ma a tsaye za ku nutsar da shi?

Kada ka ce za ka aiko da takarda, mun ga abin da rabin takarda ke yi. Ga tiyub nan an cika, ga ashana a hannun Malam Zainulabideen. Ka amsa a nan, a ƙofar masallaci, da muryar da sahun mata za su ji.

Harun